Batirin na'urar sauraron kiɗa ta hannu: gwada ƙarfinsa da kula da shi

Batir shi ne ɓangaren da ke fara gajiya a na'urar sauraron kiɗa ta hannu. Sau da yawa allo da maɓallai suna nan lafiya lau, batirin kuwa ya daɗe da sarewa. A da matsalar ba ta da girma, domin Walkman ɗin da Sony ya fitar a 1979 batir biyu masu girman AA yake ɗauka, Rio PMP300 na 1998 kuma guda ɗaya, in sun ƙare a zare a sa wasu. iPod na farko da Apple ya fitar a 2001 ya zo da batirin litiyam a rufe cikin jikinsa, wanda kamfanin ya ce yana kai awa 10, kuma yawancin na'urorin da suka biyo baya haka aka ƙera su. Tun da ba a iya zare batirin cikin sauƙi, sanin halin da yake ciki ya zama dole.

Yadda batirin yake aiki

Batirin litiyam na waɗannan na'urori yakan tsaya a kan volt 3.7. Idan ya cika yana kai 4.2, na'urar kuma takan kashe kanta idan ya sauko kusa da 3.0. Ana auna yawan cajin da yake riƙewa da mAh. Lissafin mai sauƙi ne: batir mai 400 mAh a na'urar da ke jan 20 mA (ma'aunin yawan wutar da take ja) zai yi awa 20, idan kuwa an kunna allo jan ya kai 80 mA, awa 5 kawai zai yi.

Caji yana shiga a mataki biyu. Da farko wuta na shiga da ƙarfin da ba ya sauyawa har batirin ya taɓa volt 4.2, sannan a riƙe shi a nan wutar na raguwa a hankali har ta tsaya. Shi ya sa kashi 80 na farko ke cika da wuri, ragowar kuma ta yi ta jan ƙafa. Wannan ba lalacewa ba ce.

Tsufan batir daga sinadaran cikinsa yake. Kowane caji yana ƙara kaurin wani siririn ɓawo da ke taruwa a kan ɓangaren batirin da aka yi da wani nau'in gawayi, ɓawon kuma yana cinye litiyam ɗin da ya kamata ya yi aiki. Apple ya ce an tsara batirin iPod ya riƙe har kashi 80 na ƙarfinsa na asali bayan cikakken zagayen caji 400. Zagaye ɗaya shi ne amfani da jimillar kashi 100, ko da rabi aka sha yau, rabi gobe.

Gwaji

Alamar batir da ke kan allo ƙiyasi ce kawai. Ƙananan na'urori da yawa ƙarfin volt suke dubawa su yi hasashe, shi kuwa batirin litiyam volt ɗinsa ba ya sauyawa sosai a tsakiyar tafiyarsa, don haka alamar kan daɗe a wuri ɗaya sannan ta faɗi gaba ɗaya. Wanda yake son gaskiyar magana sai ya bar na'urar ta yi aiki daga cika har ta mutu, ya ƙirga awannin.

Ana farawa da cajin na'urar har ta nuna ta cika, a ƙara mata kamar awa ɗaya a jikin caja. A zaɓi kundin waƙoƙi guda na MP3 masu matsakaicin nauyi, irin na 128 kbps, a sa shi ya riƙa maimaita kansa. A jona abin sauraro mai waya, a sa ƙara a rabi, a kashe mai daidaita sauti da Bluetooth da Wi-Fi, a sa hasken allo ya mutu bayan 'yan daƙiƙu. Ɗakin ya kasance mai matsakaicin yanayi, tsakanin digiri 16 da 22 a ma'aunin Salshiyas idan da hali. A zare caja, a rubuta lokaci, kada a sake taɓa na'urar. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mutane suka fi karyawa: kowace leƙawa tana kunna allo, kowane tsallake waƙa yana tada ma'ajiya, sakamakon kuma ya gurɓace.

Idan na'urar ta mutu, a raba awannin da ta yi da awannin da kamfani ya ambata. Wadda aka ce tana awa 20 ta yi 15 tana da kusan kashi 75. Gwaji ɗaya ba ya isa hujja; a maimaita sau 2 ko 3 a ɗauki matsakaici. Masu amfani da manhajar Rockbox, wadda ake sa wa wasu na'urori a madadin tasu ta asali, suna da sauƙi, domin tana da wani ƙaramin shiri da ke rubuta volt ɗin batir lokaci bayan lokaci a cikin fayil, daga nan a ga ainihin yadda yake sauka.

Akwai kuma 'yar mitar USB da ake sawa tsakanin caja da na'ura. Tana da amfani, amma ana yawan karanta ta ba daidai ba. Mitar tana aunawa ne a volt 5, ba a volt ɗin batir ba, kuma wani ɓangare na wutar yana tafiya a zafi ko a kunna allo. Gara a kashe na'urar yayin caji, a kuma kwatanta da Wh, ma'aunin jimillar makamashi: a ninka mAh da volt, a raba da 1,000. Batir mai 400 mAh a volt 3.7 yana da 1.48 Wh.

Alamar da ta fi tona asirin tsohon batir ita ce mutuwar ba-zata. Allo na nuna kashi 30 ko 40, sai na'urar ta ɗauke da zarar an ƙara mata aiki, domin turjiyar da cikin batirin ke yi wa wucewar wuta ta ƙaru, volt ɗinsa yana zubewa idan aka ja wuta da yawa. An fi ganin haka a na'urori masu faifan ajiya mai juyawa, lokacin da faifan zai tashi.

Abin da ke shan caji

Allo ne kan gaba, sai bidiyo, sai Wi-Fi da Bluetooth. A na'ura mai faifai, manyan fayiloli irin WAV suna sa faifan tashi a kai a kai, saboda waƙoƙi kaɗan ne ke shiga ma'ajiyar wucin gadi a lokaci guda.

Kulawa

Zafi ya fi yawan amfani ɓata batir. Sama da digiri 35 yana rage masa ƙarfi har abada, ya fi muni kuma idan yana cike. Na'urar da aka bari a cikin mota a rana, ko aka yi mata caji a ƙarƙashin matashi, tana tsufa da gaggawa. Sanyi yana rage awanni na ɗan lokaci ne kawai, amma caji a ƙasa da digiri 0 yana sa ƙarfen litiyam ya kwanta a kan gawayin, wannan ɓarna kuma ba ta gyaruwa.

Shawarar nan ta a bar batir ya ƙare ƙaf kafin a yi masa caji ta zamanin batirin nikel ce, ba ta shafi litiyam ba. Litiyam ya fi son a riƙa ɗan ƙara masa, yana yawo tsakanin kashi 20 da 80. Sauke shi har ƙasa sau ɗaya a 'yan watanni yana gyara lissafin alamar allo ne, ba ya ƙara wa batirin komai.

Idan za a ajiye na'ura ta daɗe, a bar ta da kusan rabin caji, a kashe ta gaba ɗaya, a sa ta a wuri mai sanyi da ba danshi, a kuma mayar da ita rabi duk bayan wata 6. Wadda aka jefa a aljihun tebur babu caji tana ci gaba da zubar da ɗan abin da ya rage, har volt ya sauka ƙasa da 2.5 da'irar kariya da ke jikin batirin ta rufe, daga nan ta ƙi karɓar caji.

Kumburi da sauyawa

Idan bayan na'ura ya ɗaga, ko allo ya turo waje, ko wani tabo ya bayyana a tsakiyarsa, batirin ya kumbura da iskar da ruwan sinadarinsa ke fitarwa yayin ruɓewa. A daina caji nan take. Kada a danna shi, kada a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Sabon batir dole ya dace da tsohon a volt da girma da irin mahaɗi, ya kuma zo da da'irar kariyarsa. A sauke cajin tsohon ƙasa da kashi 25 kafin a buɗe, a yi amfani da abin ɓamɓara na roba maimakon ƙarfe, a kula da siraran wayoyin allo da ke saurin yagewa. Inda aka liƙa batir da dalma, waya ɗaya ake cirewa a naɗe bakinta kafin a taɓa ta biyu. Tsohon batirin a rufe bakinsa da tef a kai shi inda ake karɓar sharar kayan lantarki, kada a haɗa shi da sharar gida.