Oktoberfest ba bikin duk Jamusawa ba ne, kuma yawancinsa a Satumba ake yi

An daɗe ana cewa wai idan watan Oktoba ya kama duk ƙasar Jamus ke fita bikin Oktoberfest, kowa da wandon fata da ƙaton kofin giya. Ni ma da haka na ɗauka, to sunan ne ke ruɗa mutum.

Ainihin bikin na birnin Munik ne, a jihar Bavariya can kudu, kuma asalinsa bikin aure ne. A watan Oktoba na 1810 yarima mai jiran gado na Bavariya ya angwance, aka gayyaci jama'ar gari aka yi sukuwar dawakai a wani fili da aka sa wa sunan amarya, Theresienwiese, har yau dai a nan ake yi. Daga baya aka jawo shi zuwa Satumba saboda yanayin ya fi daɗi kafin sanyi ya shigo, shi ya sa yanzu ake farawa bayan tsakiyar Satumba a ƙare a farkon Oktoba, kwana 16 zuwa 18. Wandon fatan nan ma kayan gargajiyar yankin tsaunukan kudu ne, mutumin birnin Hamburg can arewa ba al'adarsa ba ce. A birnin Kolon kuwa karnibal, wato bikin jerin gwano a tituna da shigar ban dariya, shi ne babban bikinsu, wanda ke ɗaukar zafi a Fabrairu ko Maris.

Tantancewa ba wuya, ku duba ranakun bikin na shekaru biyu ko uku a intanet, ku nemo Munik a taswira, ko ku tambayi ɗan uwa mazaunin can daga wace jiha yake magana. Don Allah ku tura wa wasu su ma su gani.