Zallar sinadari da hanyoyin rabe cakuɗe

A ilimin kimiyyar sinadarai idan aka ce abu zalla ne, ana nufin sinadari ɗaya ne tak a cikinsa babu gauraye, ba wai maganar tsafta ake ba. Ruwan leda da muke kira fiya wata yana iya zama mai tsafta a sha lafiya lau, amma akwai gishiri-gishiri narke a ciki, don haka ba zalla bane. Ido baya iya gane wannan, shi yasa ake amfani da awo, zallar ruwa yana tafasa a digiri 100 a daidai gaɓar teku yana daskarewa a 0, da an zuba masa gishiri lissafin ya canza. Haka zinare, karat 24 ne zalla, mai karat 18 kashi 75 cikin ɗari ne kawai zinare.

Duk wata hanyar rabewa tana neman bambanci ne tsakanin abubuwan da suka haɗu, girma ko nauyi ko zafin da kowanne ke tafasa. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan. Rariya girma take dubawa, gari ya wuce tsaki ya tsaya. Sheƙa iska ce ke kwashe ƙaiƙayi. Wadda tafi burge ni ita ce rairaya, mace ta zuba gero a ƙwarya da ruwa tana juyawa a hankali tana karkatarwa, geron ya gangara ɗaya ƙwaryar tsakuwa ta kwanta a ƙasa saboda ta fi nauyi, ai wannan dabarar ce dai masu wanke zinare suke yi a bakin rafi.

Abinda ya narke kuwa mataci baya kama shi, sai dai a ƙafar da ruwan. A Bilma ta Nijar rana ce ke shanye ruwan ramuka ta bar gishiri, kowace lita ta ruwan teku ma tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri. In kuma ruwan ake so sai a tafasa a tare tururin a sanyaya shi. Matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 akan wannan aka gina ta, a irin wannan matata ana dafa ɗanyen mai sama da digiri 300 a tura shi doguwar hasumiya, fetur ya fita ta sama, kananzir da dizal a tsakiya, mai kauri irin na kwalta ya zauna ƙasa.

Wani masanin tsirrai ɗan Rasha Mikhail Tsvet, a farkon shekarun 1900, ya zuba ruwan ganye cikin bututu mai garin alli sai launukan suka rabu hawa-hawa, kore daban rawaya daban, yau da irin wannan hanyar ake gwada ingancin magani.

Rabewa tana da haɗari in ba a san me ke cikin cakuɗen ba. A Zamfara a 2010 an riƙa niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ashe akwai dalma a ciki, ƙurar ta shiga jikin yara ta kashe aƙalla 400.