RDA: sabuwar ƙa'idar rubuta bayanin littattafai a maktabobin Saudiyya

Ɗalibin da ke bincike a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura ta Makka ya saba ganin wasu haruffa a fihirisar maktaba, wato jerin bayanan littattafan laburare: dal da mimi, dal da nuni. Na farko yana nufin ba a san garin da aka buga littafin ba, na biyu ba a san maɗaba'ar ba. A sababbin bayanai haruffan sun ɓace, an rubuta maganar cikakkiya. Wannan yana cikin alamun da ke nuna maktabar ta koma bin RDA (Resource Description and Access).

Ba dokar gwamnati ba ce, ba a cin tarar kowa a kanta. Ƙa'ida ce ta ma'aikatan laburare, wadda ke faɗa musu abin da za su rubuta game da littafi, ko kaset, ko taswira, ko fayil na intanet, don mai nema ya same shi. Ta fito a 2010, ta gaji tsohuwar ƙa'ida mai suna AACR2 da ake amfani da ita tun 1978, zamanin da ake rubuta bayanin littafi a ɗan kati a jera cikin durowa. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya koma kanta gaba ɗaya ranar 31 ga Maris 2013, manyan laburaren Ingila da Kanada da Ostireliya ma suka bi. A Saudiyya abin ya yi nauyi ne saboda Fihirisar Larabci ta Bai Ɗaya, wadda Maktabar Sarki Abdul'aziz da ke Riyad ke kula da ita. Maktabobi da dama daga can suke kwaso bayanin littafi maimakon kowa ya rubuta nasa, don haka salon da aka bi a can shi ke isowa ga ɗalibi.

Tsohuwar ƙa'ida tana tsimin wuri, domin kati ƙarami ne. Idan marubuta sun haura uku, sai a ambaci na farko kawai, a ce "da waɗansu". RDA ta jingine wannan. Ana iya jero su duka, kuma a fayyace aikin kowa: wannan marubuci, wannan mai fassara, wannan mai tahƙiƙi, wato wanda ya tantance nassin tsohon littafi kafin a buga. Duk wanda mushrifinsa, wato malamin da ke duba bincikensa, ya taɓa mayar masa da babi saboda ya dogara da tahƙiƙin da ba shi aka yarda da shi ba, ya san amfanin wannan. Haka kuma an ce a kwafi abin da ke shafin sunan littafi yadda yake. Ko an yi kuskuren ɗab'i a sunan littafin, haka za a rubuta, a kawo gyaran a wani gurbi dabam.

Babban canjin dai yana can ƙasa, inda mai karatu ba ya gani. RDA ta ɗauki tsarin da ƙungiyar laburare ta duniya, IFLA, ta fitar a 1998, wanda ya kasa abin da muke kira "littafi" gida huɗu. A ɗauki Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, da ake karantawa a zaurukanmu. Abin da malamin ya wallafa, shi ne aikin kansa. Nassin Larabci siga ɗaya ce tasa, fassarar Hausa wata siga ce. Bugun Beirut na shekara kaza da bugun Alƙahira, kowanne fitowa ce dabam. Sannan ga kwafin da ke kan kanta, mai hatimin waƙafi a shafin farko da rubutun wani ɗalibi da fensir a gefe. Sharhi kuwa, irin Samaruddani, aiki ne mai zaman kansa, amma ana ɗaure shi da Risalar. Idan an yi aikin yadda ya kamata, mutum ya nemi Risala sau ɗaya, sai fassarori da bugu-bugu da sharhohi su fito a haɗe, maimakon ya riƙa lalube.

Wannan "idan" ɗin ce matsalar, kuma mu ta fi shafa. Haɗa ayyukan malami wuri ɗaya ba ya yiwuwa sai an tsayar da siga ɗaya ta sunansa, an rataya sauran a jikinta. Shehu Usmanu yana zuwa a matsayin Usman bin Fudi, da Ibn Fudi, da Ɗan Fodiyo, ga kuma rubutun boko iri-iri. Shi shahararre ne, an daɗe da tsayar da nasa. Amma malamin Kano ko Zariya da aka buga ɗan littafinsa a kasuwa, babu shekara, babu maɗaba'a, fa? Ƙa'idar ta tanadi gurbin harshe da na nau'in rubutu, har ana iya cewa Hausa ce da ajami. Sai dai ma'aikacin da bai san Hausa ba zai ga haruffan Larabci ya wuce da shi a matsayin Larabci. A ganina nan ne ɗalibanmu, da Hausawan da aka haifa a Makka da Jidda, ke da abin bayarwa: in ka ga irin wannan, ka nuna wa ma'aikacin sashen fihirisa, ka faɗa masa cikakken sunan malamin da shekarar rasuwarsa in ka tabbatar.

Kada kuma a zaci an goge tsofaffin bayanai. Suna nan jingim, sake rubuta su aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, ita kanta manhajar ƙa'idar sai an biya kuɗin rajista ake shiga. Saboda haka fihirisa ɗaya takan ƙunshi tsohon salo da sabo. Mai neman littafin da mutum biyar suka rubuta a shekarun 1990, sunan marubuci na huɗu ba lallai ya fito masa da komai ba. Ya nema da sunan littafin, ko da sunan na farkonsu.