Mece ce jarabar kayan maye?

Ba duk wanda ya taɓa shan abin maye ake cewa jaraba ta kama shi ba. Likitoci ba da yawan abin da mutum ke sha kaɗai suke auna ta ba, abin da suka fi dubawa shi ne ko ragamar tana hannunsa har yanzu. Ya yi niyyar shan ɗaya sai ya sha biyar. Ya rantse ya daina, kwana biyu ya koma. Yana gani aikinsa ko karatunsa na lalacewa, iyalinsa na gudunsa, lafiyarsa na taɓarɓarewa, amma bai fasa ba. Idan waɗannan alamu suka haɗu kuma suka daɗe, galibi tsawon shekara guda, Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa halin a jerin cututtuka, ko giya ce, ko taba, ko wiwi, ko hodar iblis, ko ƙwayoyi irin su taramadol da kodin.

Asalin lamarin a ƙwaƙwalwa yake. Akwai sinadarin da ake kira dofamin, wanda take saki idan mutum ya yi abin da zai amfane shi, kamar ƙosar da yunwa ko ganin masoyi, don ta koya masa ya maimaita. Kayan maye suna sa ta sake shi fiye da kima, kuma cikin gaggawa. Nikotin ɗin taba cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 yake isa ƙwaƙwalwa. Da abin ya yawaita, sai ita ma ta kare kanta, ta rage jin tasirin sinadarin. Daga nan ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Abin da ya fi ban tausayi shi ne sauran abubuwan jin daɗin rayuwa su ma sai su dushe, hira da wasa da cin nasara duk su zama lami. A wannan matakin mutum ba nishaɗi yake nema ba, so yake kawai ya ji shi daidai kamar kowa. Matasa sun fi shiga haɗari, domin sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa sha'awa birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

Sai kuma azabar rashin sha. Wanda ya saba da taramadol ko kodin, idan ya rasa, zai yi ta gumi da hamma, ga ciwon gaɓoɓi, ga amai da gudawa, barci ya gagara. Ta giya ta fi muni. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, idan ya yanke rana ɗaya, yana iya kamuwa da karkarwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, bayan kwana 2 zuwa 3 ya rikice yana gane-gane, har ta kai ga mutuwa. Haka ma magungunan barci irin su Valium. Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba a kulle irin wannan mutum a ɗaki da sunan za a raba shi da abin da ƙarfi. Dainawar tana buƙatar likita a kusa.

A lura, majinyacin da likita ya ɗora kan mofin saboda zafin ciwon daji, jikinsa na iya sabawa da maganin, amma wannan kaɗai bai mai da shi mai jaraba ba, muddin bai kauce wa ƙa'ida ba.

Jaraba tana jin magani, sai dai tana da halin dawowa. Masana sun ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda suka yi jinya suna sake komawa, kusan kamar yadda hawan jini ko asma ke tashi bayan sun lafa. Komawar nan ita ce lokaci mafi haɗari ga masu shan dangin mofin, irin su taramadol da kodin: sabon da jiki ya yi da ƙwayar ya riga ya gushe, mutum ya ɗauki adadin da ya saba a da, numfashi ya tsaya. Akwai maganin naloxone da ke farfaɗo da irin wannan idan an ba shi da wuri, akwai kuma methadone da buprenorphine da ke kwantar da ƙishirwar ƙwayar, a haɗa da zaman shawara da ƙwararru. Sai dai masu samun wannan taimako ba su da yawa. Rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2024 ya ce mutum miliyan 64 ne ke fama da matsalar shan miyagun ƙwayoyi, ban da giya da taba, a duniya a 2022, kuma ɗaya cikin 11 ne kacal ke samun jinya.