Gaskiyar Dokar Kanada Kan Coci-coci da Masu Sa Kai da Ke Ɗaukar Nauyin 'Yan Gudun Hijira

Jita-jita iri biyu ne suke yawo game da tsarin da ya bai wa jama'ar gari a Kanada damar ɗaukar nauyin 'yan gudun hijira. Wasu suna cewa in mutum ya biya wani wakili kuɗi, coci zai sa sunansa a jerin masu tafiya, wasu kuma suna rantsuwa cewa duk iyalin da coci ya karɓa sai sun bar addininsu. Duka biyun ba su da tushe a doka, kuma ta farkon tana iya rufe wa mutum ƙofar ƙasar na shekaru.

Tsarin ya samo asali ne daga dokar shige da fice ta 1976, ya kuma kankama a 1979, lokacin da ƙungiyar agaji ta cocin Menonayit ta sa hannu kan yarjejeniya da gwamnati domin karɓar mutanen da suka tsere daga Biyetnam a kwale-kwale. Daga wancan lokaci zuwa yau mutane fiye da 300,000 sun shiga ƙasar ta wannan hanya. Masu ɗaukar nauyin iri uku ne: ƙungiyoyin da ke da yarjejeniya da gwamnati, waɗanda suka haɗa da coci-coci da ƙungiyoyin Musulmi da na Yahudawa, sai rukunin mutum biyar, sai ƙungiyoyin unguwa.

Abin da waɗannan mutane suke sa wa hannu alkawari ne mai nauyi, yawanci na wata 12. Su za su tari iyalin a filin jirgi da rigunan sanyi, su kama musu gida, su biya haya da abinci, su raka uwa ta yi rajistar yara a makaranta, su tsaya da uba a tashar bas har ya gane layin da zai kai shi ajin koyon harshe. Kuɗin kuwa daga aljihunsu ko daga gudummawar jama'a yake fitowa, kuma ƙa'ida ta haramta musu karɓar ko sisi daga hannun ɗan gudun hijirar a matsayin ladan shigar da takardunsa. Saboda haka duk wanda ya ce a turo kuɗi domin ya tanadi gurbi a wani coci, ko dai ɗan damfara ne, ko kuma yana karya ƙa'idar da zai fake da ita. Yanke hukunci ma ba a hannun coci yake ba, jami'in gwamnati ne ke yi wa mutum tambayoyi, a binciki lafiyarsa da tarihinsa, sannan a amince ko a ƙi.

Hukuncin ƙarya a nan ba ƙarami ba ne. Dokar shige da fice da kare 'yan gudun hijira ta tanadi cewa wanda aka kama da gabatar da bayanan ƙarya ana iya hana shi shiga ƙasar tsawon shekara 5, kuma idan aka gurfanar da mutum a kotu kan babban laifi, tara tana iya kaiwa dalar Kanada 100,000, ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun. Abin takaicin shi ne, wakilin da ya ƙirƙiro labarin yakan ɓace da kuɗin, ya bar wanda sunansa ke kan takarda da jidali.

Batun addini kuwa gajere ne. Iyalin suna sauka ne da matsayin mazauna na dindindin, kundin 'yancin ɗan Adam na Kanada na 1982 ya kare musu addininsu, kuma babu sharaɗin halartar ibada a cikin alkawarin. Idan masu ɗaukar nauyi suka yi watsi da iyali, su ne gwamnati ke kamawa da saɓa alkawari, har ta iya hana su sake ɗaukar wani.

Sashen da ya fi rikita mutane shi ne ma'anar ɗan gudun hijira. A Hausa suna ɗaya muke kiran wanda rikici ya kora daga ƙauyensu zuwa wani gari a cikin ƙasarsa da wanda ya tsallaka iyaka, amma wanda ya tsallaka iyakar kaɗai tsarin ya sani. Ƙari a kan haka, rukunin mutum biyar da ƙungiyoyin unguwa ba sa iya ɗaukar kowa sai wanda ke riƙe da shaidar cewa hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ko gwamnatin ƙasar da yake zaune ta tabbatar da matsayinsa. A ganina nan ne dokar ta yi tsauri, domin wanda ya gudu da dare da yaro a goye ba laifinsa ba ne idan ƙasar da ya faɗa ba ta bayar da irin wannan takarda. Haka ma kuɗin jirgi, wanda sau da yawa bashi ne gwamnati ke ba iyalin. Tun 2018 an cire masa ruwa, kuma sai bayan shekara guda ake fara biya, wato daidai lokacin da tallafin masu ɗaukar nauyi yake ƙarewa.