Ƙwannafi da magungunan kwantar da shi: tambayoyi da amsoshi

Mene ne farin ruwan nan da ake bayarwa a kemis idan ƙirji na zafi?

Tumbin ɗan Adam yana fitar da ruwa mai tsananin tsami, wato asid, don narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta. Idan ya taso zuwa maƙogwaro, shi ne ƙwannafi. Magunguna irin su Mist Mag da Gestid suna ɗauke da sinadaran magnesium ko aluminium, masu kashe kaifin asid ɗin da ya riga ya taru. Nan da nan ake jin sauƙi, amma ba ya daɗewa, musamman idan ciki babu abinci. A girgiza kwalbar kafin a sha.

To, kanwa fa? Ai iyayenmu ita suke jiƙawa.

Ba su yi ƙarya ba, tana kashe tsami, shi ya sa ma ake jefa ta a miyar yakuwa. Matsalarta ita ce sinadarin sodium da ke cikinta, irin wanda ke cikin gishiri, ga shi ba ta da ma'auni. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko na zuciya, da mai juna biyu, don Allah su bar ta.

Magungunan ƙwannafin nan suna warkar da olsa?

A'a, kuma a nan ne mutane da yawa a Kaduna suke cutar da kansu. Za ka ga ɗan kasuwa a Kasuwar Barci ko direba a Kawo da kwalba a aljihu, shekara da shekaru yana kurɓa, alhali gyambon yana nan yana ci. Yawancin olsa wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, H. pylori, wadda likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gwada ta, kuma ana kashe ta da haɗin magunguna na kamar mako biyu, ciki har da omeprazole, wanda shi rage fitar asid ɗin yake yi tun daga tushe. Ɗaya sanadin kuma shi ne yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, abin da masu aikin ƙarfi suka mai da shi kamar abinci.

Ana haɗa magungunan ƙwannafi da wasu magunguna?

A ba da tazarar aƙalla awa 2. Suna hana jiki tsotsar ciprofloxacin, tetracycline da maganin ƙarin jini. Kuma magnesium kan saki ciki, aluminium kan ɗaure shi.

Yaushe ya kamata a nufi asibiti?

Idan bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko aka yi aman jini, ko haɗiya ta yi wuya, ko ana ramewa ba dalili, a tafi asibiti irin Barau Dikko ba tare da jinkiri ba. Haka ma zafin ƙirjin da ya zo da gumi da sarƙewar numfashi, domin yana iya zama na zuciya.