Zafin inji a mota: dalilai, ganewa da kulawa

Zafin inji shi ne yanayin da injin mota ke wuce ma'aunin ɗumin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wanda a mafi yawan ƙananan motoci yake tsakanin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Selshiyos. Direbobi kan ce "mota ta yi zafi" ko "lagireto ya tafasa". A Gombe da Bauchi matsalar ta fi tsananta a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin gari kan kai digiri 40, sai kuma ga motocin haya irin su Sharon, Golf da Hiace da ke ɗaukar kaya fiye da kima. Hanyar Bauchi zuwa Jos ta Toro ta shahara wajen tona asirin motar da ruwanta ba ya zagayawa da kyau, domin daga tudun da bai fi mita 600 da ɗoriya ba ake hawa zuwa kusan mita 1,200.

Yadda inji ke huce kansa

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin fetur ɗin da inji ya ƙona ne ke tura mota. Sauran zafi ne: wani ya fita ta salansa, wani kuma ruwa ya kwashe shi. Famfon ruwa, wanda a yawancin motoci bel ne ke juya shi, yana tura ruwan ta cikin ramukan da ke kewaye da silinda, ya fito ta tiyon sama ya shiga lagireto, iska ta huce shi, sannan ya koma ta tiyon ƙasa. Idan mota na gudu, iskar hanya ta isa. Idan tana tsaye ko tana jan jiki, fanka ce ke wannan aiki.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake rainawa alhali aikinsu babba ne. Na farko murfin lagireto. A jikinsa za a ga lamba kamar 0.9 ko 1.1, wato adadin matsin da yake riƙewa. Ruwa zalla na tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin wannan matsi sai ya kai wajen 120 kafin ya tafasa. Murfin da robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki kan sa ruwa ya tafasa da wuri ya zube, ko da komai na injin lafiya lau. Na biyu shi ne tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa a cikin inji har sai ya yi ɗumi, sannan ya buɗe, galibi tsakanin digiri 80 da 90.

Gano inda matsalar take

Gogaggen bakanike ba ya fara kwance komai sai ya tambayi mai mota lokacin da allurar ma'aunin zafi ke hawa, don amsar ita ce rabin aikin. Motar da ke zafi a cunkoson bakin babbar kasuwar Gombe, amma ta huce da zarar ta hau titin Kumo, kusan kullum fanka ce: ko fis ya ƙone, ko rile, ko na'urar da ke jin zafi ta tayar da ita, ko kuwa motar fankar ta mutu. Wannan aikin mai wayarin ne. Wadda take lafiya a cikin gari amma ta tafasa a doguwar tafiya ko a hawan tudu, sai a zargi lagireton da ya toshe ko famfon da fukafukansa suka cinye. Idan kuwa allura ta haura cikin 'yan mintuna da tayar da mota, tiyon sama kuma yana nan da sanyi, tamostat ne ya maƙale a rufe.

Toshewar lagireto iri biyu ce. Ta waje ƙura ce. Lokacin hunturu ƙura, ƙaiƙayi, ƙwari da ledoji kan cushe tsakanin lagireto da kwandensan AC da ke gabansa, wurin da ido ba ya gani sai an leƙa da tocila. Ana wanke shi da ruwa mara ƙarfi daga bayansa. Injin wankin mota mai matsi na lanƙwasa siraran fukafukan ya ƙara ɓata lamarin. Ta ciki kuwa tsatsa ce da ɓawon da ruwa ke bari.

Ruwan da ke raguwa kullum ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba shi ne abin tsoro, domin sau da yawa gasket ɗin kan inji ne ya ƙone, wato faifan da ke like kan inji da gangar jikinsa. Alamominsa: farin hayaƙi mai yawa da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, kumfa na ɓulɓulowa a wuyan lagireto idan an tayar da injin yana sanyi, tiyo ya yi tauri nan take, fulogi ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi. Wani lokaci baƙin mai kan koma kalar shayi da madara, a gan shi a jikin sandar awo ko a ƙarƙashin murfin mai. Motar da ta kai nan ba a ci gaba da tuƙa ta. Ruwa a cikin mai na cinye metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, daga nan sai inji ya buga.

Batun cire tamostat

A garejin Arewa an saba, da zarar an kawo mota 'yar Beljiyom, a cire tamostat a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa muddin makulli na kunne. Hujjar da ake ba mai mota ita ce: Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, nan ba ya aiki. Maganar na da daɗin ji, amma ba ta da tushe. Tamostat mai lafiya yana buɗewa gaba ɗaya da zarar inji ya kai ɗuminsa, ko a Jamus ko a Kaltungo, don haka ba shi ke kawo zafi ba sai in ya lalace, kuma maganin lalatacce shi ne sabo.

Cire shi na da illa da ba a gani nan take. Injin zai daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da sanyin safiyar hunturu, kwamfutar motar kuma ta ci gaba da ƙara fetur tana zaton har yanzu ana cikin tashi. Mai ya ƙone a banza, abin da kowa ya fara ji a aljihunsa tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Rarar fetur ɗin na wanke man da ke jikin silinda, ringi, wato zoben fistin, ya ci da wuri. A wasu injuna ma tamostat ne ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba. In an cire shi hanyar ta zauna a buɗe, sai zafin da ake gudu ya samu. Abin da ya fi muni, cirewar kan ɓoye ainihin cutar, wato toshewar lagireto ko mataccen famfo, har sai ranar da mota ta yi lodi ta kama hanya.

Haka batun ruwa. Mafi yawan direbobi ruwan rijiya ko na burtsatse suke ɗurawa. Irin wannan ruwa na ɗauke da ma'adinai da ke daskarewa a cikin siraran bututun lagireto, ga tsatsa. Kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Akwai maganin tsatsa a cikinsa, yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa. Wanda ba a riga an sirka ba ana haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Tsohon nau'in ana canza shi kamar duk shekara 2, mai daɗewa kuwa ya kai 5. Kala ba ta isa shaida ba, sai a karanta jikin galan, kuma ba a gauraya nau'i biyu. Dabarar zuba ɗanyen ƙwai ko garin barkono don toshe yoyo tana iya kai mutum gari na gaba, amma abin da ya toshe hujin shi zai toshe bututun.

Idan allura ta hau a hanya

A kashe AC, a kunna hita har ƙarshe in ba a yanke tiyonta ba, a sami gefe a tsaya, a kashe inji. Ba a buɗe murfin lagireto yana da zafi: ruwan na ƙarƙashin matsi, yana iya fesowa ya saɓule fatar hannu da fuska. A jira aƙalla minti 30, a sa tsumma mai kauri, a murɗa a hankali. Kwarara ruwan sanyi a kan inji mai zafi na iya tsaga kan silinda ko ya lanƙwasa shi, musamman na alminiyam. Bayan an ƙara ruwa a bar injin na aiki murfi a buɗe har iskar da ta maƙale ta fita.

Tsohon kulan da aka tsiyaye guba ne, kuma yana da zaƙi. Wanda ya canza shi a gida ya zuba a jarka mai murfi, nesa da yara, awaki da kaji.